Alƙaluma sun ce lafiya lau, hira ta ce da sauran magana: yadda ake rubuta rahoton bincike mai hanya biyu a kan zaman aure

"Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a Jidda, ina digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam. Bincikena a kan ingancin zaman aure ne tsakanin Hausawa mazauna Jidda da Makka. Na raba takardar tambayoyi ta CSI, ma'aunin gamsuwar ma'aurata, mai tambaya 16, mutum 146 suka cike, a cikinsu akwai gida 31 da mata da miji kowa ya cike tasa. Bayan haka na yi hira da mata 14 daga cikin waɗanda suka bar lambar waya. Matsakaicin maki ya fito 66 cikin 81, wato zama lafiya lau, amma a hira kusan kowace kuka take da rashin shawara da matsalar dangin miji. Mushrifata, wato malamar da ke duba aikina, ta karanta ta ce na kawo mata risala biyu, wato kundi biyu, a bango ɗaya. Yaya zan tsara rahoton, kuma wanne zan gaskata, alƙaluman ko hirar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya sa a gama lafiya. In na fahimce ki, abu biyu ne suka tsaya miki: yadda za ki ɗinke ɓangaren alƙaluma da ɓangaren hira su zama riga ɗaya, da abin da za ki yi da saɓanin da ya fito tsakaninsu. A wurina duk magana ɗaya ce. Saɓanin nan da ya tayar miki da hankali shi ne zaren ɗinkin, kuma a duk abin da kika tattaro babu abin da ya kai shi tsada. Mushrifarki ta faɗi gaskiya, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama irin wannan kundi: babi na huɗu ya cika da jadawali, na biyar ya cika da maganganun mutane, babu inda suka gaisa da juna sai a jimla biyu a ƙarshe. Abin da ake nema a bincike mai haɗa hanya biyu shi ne wata fahimta ta uku, wadda takardar tambayoyi ita kaɗai ba za ta bayar ba, hira ita kaɗai ma haka. In mai karatu ya rufe kundin bai samu wannan ta ukun ba, wahalar tattara bayanai iri biyu ta tashi a banza.

Wane tsari kika bi a zahiri

Masana hanyoyin bincike Creswell da Plano Clark, waɗanda ake yawan dogara da rabe-rabensu, sun kasa irin wannan bincike gida uku. Akwai wanda ake tattara alƙaluma da hira lokaci guda sannan a gwama su. Akwai wanda ake fara hira, a gina ma'auni daga abin da aka ji, sannan a raba wa jama'a da yawa. Akwai kuma wanda ake fara da alƙaluma, sai a bi da hira domin ta bayyana abin da alƙaluman suka nuna. Naki ya fi kama da na ukun. Sai dai akwai sharaɗi: a wannan tsarin, sakamakon alƙaluma ne yake zaɓar wanda za a yi hira da shi, kuma shi yake tsara tambayoyin hirar. Misali a ɗauko mutum biyar daga masu maki mafi ƙasa, biyar daga tsakiya, biyar daga sama. Ke kuwa waɗanda suka bar lambar waya kika kira. Wannan ba laifi ba ne, amma wajibi ne ki rubuta shi yadda ya faru. Kada ki sa wa binciken sunan da aikinsa bai cika ba, domin a ranar munaƙasha, wato ranar kare kundi, tambayar farko da mai jarrabawa zai yi ita ce: da wane ma'auni kika zaɓi mutum 14 ɗin?

Koma kan mata 14 ɗin nan tukuna

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, buɗe fayil ɗin alƙalumanki, ki nemo makin kowace ɗaya daga cikin matan da kika yi hira da su. Tunda sun bar lambar waya a jikin takardar, za ki iya haɗa kowace da makinta. Aikin rabin sa'a ne, amma shi zai gaya miki irin rahoton da za ki rubuta.

In kika tarar yawancinsu makinsu yana ƙasa, a ce 40 zuwa 50, to babu wani saɓani tun asali. Mai yiwuwa masu damuwa ne suka fi son a kira su: wadda take zaune lafiya ba ta cika barin lambarta don a zo a tambaye ta sirrin gidanta ba. Hirarki a nan muryar masu ƙaramin maki ce, waɗanda matsakaicin 66 ya lulluɓe. Sai ki rubuta rahoton a haka, ki nuna kashi nawa cikin ɗari ne suka faɗo ƙasa da 51.5, wato iyakar da masu ma'aunin suka sa a matsayin alamar rashin gamsuwa mai nauyi, sannan hira ta bayyana yadda rayuwa take a ƙasan wannan layi. Ki kuma raba makin mata da na maza, domin matsakaicin 66 na kowa da kowa ne, hirar kuwa ta mata ce zalla.

In kuwa kika tarar wadda ta ci 70 a takarda ita ce ta yi minti arba'in tana ba ki labarin yadda ake yanke shawarar gidanta a ɗakin uwar miji, to nan ne aiki yake, kuma nan ne daɗin binciken. Akwai dalilai da za ki bi ɗaya bayan ɗaya.

Fara da mafi sauƙi, kuskuren shigar da maki. Tambayoyi shida na ƙarshe a wannan ma'auni kalmomi ne biyu-biyu masu kishiyantar juna, kamar zama mai kyau da mummuna, ko mai ƙarfi da mai rauni, kuma ba duka suke fuskantar gefe ɗaya ba: a wasu kalmar kirki tana hagu, a wasu tana dama. In kin raba takardar da Larabci, rubutun ya juya daga dama zuwa hagu, to ki tabbata lambobin sun bi kalmominsu. Ɗauki takarda goma ki lissafa da hannu, ki gwada da abin da kwamfuta ta ba ki. Tambaya ta farko makinta daga 0 zuwa 6 ne, sauran 15 daga 0 zuwa 5, jimla 81. Fom ɗin intanet sau da yawa yana farawa daga 1, kuma in ba a rage ɗaya daga kowace amsa ba, kowa zai samu ƙarin maki 16 da bai ci ba. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da 50 ta zama 66, don haka kada ki wuce wannan mataki.

Sai fassara. Funk da Rogge sun fitar da ma'aunin a 2007, da amsoshin mutum fiye da dubu biyar da suka cike ta intanet da Turanci. Akwai tambaya a ciki da take neman sanin yadda zaman yake amfanar mutum, yake biyansa. Kalmar Turancin da aka sa a wurin ita ce kuma ake fassarawa da lada ko sakamako. In mai fassara ya rubuta "lada", ko ya sa kalmar Larabci mai ƙamshin ajru, matar da take cikin ƙunci za ta ba da maki mafi girma da zuciya ɗaya, domin ta san aure ibada ne kuma haƙuri yana da lada. Ba ƙarya ta yi ba, wata tambayar daban ta amsa. Haka kuma Larabcin littafi da aka saba rubuta takardar tambayoyi da shi ba shi ne Larabcin da ake yi a gidajen Shari'a Mansur a Makka ko Karantina a Jidda ba, kuma da yawa daga waɗanda aka haifa a nan Saudiyya suna jin Hausa sarai amma ba sa karanta ta da boko. Saboda haka a babin hanyoyin bincike ki faɗi da wane harshe kowa ya cike, su nawa da Hausa, su nawa da Larabci, wa ya fassara, an mayar da fassarar zuwa harshen asali don gwadawa kamar yadda Brislin ya tsara a 1970 ko ba a yi ba, kuma ki ba da alfa ta Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda tambayoyin suke tafiya tare, ta kowane harshe daban.

Na uku, yanayin cikewa. Mahaɗin fom ɗin intanet da aka tura ta WhatsApp a waya yake buɗewa, wayar kuma ba lallai ta mutum ɗaya ba ce. A gida 31 ɗin nan da mata da miji suka cike, akwai yiwuwar wasu a falo ɗaya suka cike, kafaɗa da kafaɗa. Ga kuma abin da kowane Bahaushe ya sani: in aka tambaye ka yaya gida, amsar ita ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ko da tukunya ba ta hau wuta ba. Rufin asiri da kunya da tsoron butulce wa ni'ima duk suna tura hannu zuwa ga babban maki. Hira kuwa, bayan an sha shayi an saba, takan buɗe abin da takarda ba ta buɗe ba. Amma ki yi wa hirar adalci ita ma: duba tambayoyinki. In kin tambaya "waɗanne matsaloli kike fuskanta", matsala za ki ji. In babu tambaya ko ɗaya a kan abin da yake faranta mata rai a gidan, hirar ce ta karkata.

Na huɗu shi ne wanda na fi zato, kuma shi ya fi cancantar shafuka. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, domin abu biyu daban aka auna.

Gamsuwa da inganci ba abu ɗaya ba ne

Taken bincikenki ya ce ingancin zaman aure, amma ma'aunin da kika ɗauka gamsuwa kawai yake aunawa, wato hukuncin da mutum ya yanke a zuciyarsa game da zaman gaba ɗaya. Da gangan aka gina shi a haka. Ba ya tambayar wa yake riƙe da kuɗi, ko yaya ake da surukai. Wanda yake tambayar waɗannan shi ne DAS, ma'aunin daidaituwar ma'aurata na Spanier, na 1976, mai tambaya 32 da sassa huɗu: daidaituwar ra'ayi, gamsuwa, haɗin kai da nuna ƙauna. A cikinsa ne ake tambayar yawan saɓani a kan kuɗin gida, addini da mu'amala da iyaye da surukai. Shi ma yana da nasa ƙalubalen a wurinmu, don akwai tambayar sumba da mutane da yawa za su tsallake, da tambayar barin gida bayan faɗa, wadda ma'anarta a wurin mai yaji daban take da ma'anarta a wurin namijin da ya fita shan iska.

Mutum yana auna gamsuwarsa ne da abin da ya sa rai zai samu. Matar da ta shiga aure da tsammanin ci da sha da sutura da mutunci, ta kuma same su, tana iya cewa ta gamsu ƙwarai, kuma a lokaci guda tana jin zafin cewa ba a shawara da ita. A ƙasar da ba ta da uwa ko yaya kusa, ko inda zamanta ya rataya a kan takardun miji, ma'aunin da take gwada aurenta da shi yana iya sake sauyawa. In hirarki ta nuna haka, to abin da kika gano shi ne cewa babban makin gamsuwa a wannan al'umma yana iya zama tare da ƙorafi mai nauyi a kan shawara da surukai, kuma haƙuri ne gadar da ke tsakani. Wannan sakamako ne da ya isa a gina kundi a kansa. Sai dai ki gyara lafazi: duk inda kike maganar maki, ki ce gamsuwa, ki bar kalmar inganci ga hoton da ya fito bayan an haɗa ɓangarorin biyu. A bitar ayyukan da suka gabata ma ki raba su, domin a kundayen Larabci da za ki samu a rumbunan bincike na intanet, Darul Manzuma da Maktabar Dijital ta Saudiyya, "arrida azzawaji" (gamsuwa da aure) da "attawafuƙ azzawaji" (daidaituwa a aure) suna yawo kamar abu ɗaya alhali ma'aunansu daban.

Gida 31

Mutum 146 kika ce, amma 62 daga cikinsu mata da miji ne. Gwaje-gwajen da aka saba yi a manhajar lissafi ta SPSS, irin su gwajin t da na dangantaka, an gina su a kan cewa amsar kowa ba ta rataya da ta wani ba. Makin miji da na matarsa kuwa tare suke hawa da sauka. In aka yi biris da wannan, ƙimar p, wato lambar da ake dubawa don a gane ko bambanci na gaske ne ko dace kawai, takan fito ba daidai ba, kuma a abubuwan da gida ɗaya ya yi tarayya a kansu, kamar shekarun aure ko yawan 'ya'ya, takan fito ƙarama fiye da gaskiya, sai a ga bambanci inda babu. Gidajen da kike da su a zahiri 115 ne: mutum 84 da suka cike su kaɗai, da gida 31. Hanya mafi sauƙi ita ce ki yi nazarin mata daban, maza daban. Ko ki jefa ƙuri'a ki ɗauki mutum ɗaya daga kowane gida, ki yi aiki da 115. Wadda ta fi su ita ce nazari mai hawa biyu, inda ake sa lambar gida a matsayin rukuni, kuma manhajojin jamovi da R suna yin sa kyauta. Akwai tsarin APIM da Kenny da Kashy da Cook suka yi bayaninsa a 2006, mai auna tasirin halin mutum a kan kansa da kuma a kan abokin zamansa, amma gida 31 sun yi kaɗan a ɗora musu shi. Abin da za ki iya da su shi ne ki ba da dangantakar makin miji da na mata, da matsakaicin tazarar da ke tsakaninsu, a jadawali ƙarami.

Ki duba kuma ko akwai kishiyoyi a cikin masu amsawa. Uwargida da amarya gida ɗaya ne a lissafi. Namiji mai mata biyu kuwa, a kan wace ya cike? In takardarki ba ta fayyace ba, ki faɗi haka a cikin gazawar bincike. Kuma tunda makin ya taru a sama, ki ba da na tsakiya da faɗin rabin tsakiya tare da matsakaici, ki sa hoton yadda makin ya bazu, ki yi amfani da gwajin Spearman wajen dangantaka, kuma kowane sakamako ya zo da girman tasiri da tazarar amincewa ta kashi 95.

Tsarin rahoton

Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta fitar da ƙa'idojin rubuta rahoton bincike mai hanya biyu a 2018, kuma suna cikin jagoranta bugu na bakwai. Akwai kuma gajeren ma'aunin GRAMMS na O'Cathain da abokan aikinta, na 2008, mai abu shida: dalilin haɗa hanyoyin, tsarin da aka bi, bayanin kowace hanya, inda aka haɗa su da yadda aka yi, gazawar da wata hanya ta jawo wa ɗayar, da fahimtar da haɗawar ta haifar. Ki manna waɗannan shidan a gaban teburinki.

A gabatarwa, tambayoyin bincike uku za ki rubuta. Ta alƙaluma: yaya matakin gamsuwa yake, kuma da me yake tafiya? Ta hira: yaya matan suke siffanta zama mai kyau da marar kyau da bakinsu? Ta uku ita ce wadda ɗalibai suke mantawa, kuma rashinta ne ya sa aka ce miki risala biyu: ta yaya bayanan hira suke fassara makin gamsuwa, musamman inda suka saɓa? Da zarar wannan tambaya ta shiga babi na ɗaya, dole ta samu hanya a babi na uku, sakamako a na huɗu, tattaunawa a na biyar.

A babin hanyoyi ki sa zane na shafi ɗaya: akwatin mataki na farko da adadin mutane da watannin da aka yi, kibiya zuwa wurin zaɓen masu hira, akwatin mataki na biyu, sannan akwatin haɗawa. Wajen nazarin hira, in hanyar jigogi ta Braun da Clarke ta 2006 kika bi, kada ki tsaya a jera matakanta shida kamar karatun allo. Faɗi abin da kika yi: da wane harshe kika rubuta hirar, sau nawa kika karanta, a kan Hausar kika yi alamomi ko a kan fassara, jigo nawa kika fara da su, nawa kika haɗe. Shawarata a yi nazari a harshen da aka yi maganar, a fassara abin da za a ɗauko kawai. Ki kuma rubuta sakin layi a kan matsayinki: Bahaushiya ce ke, kina zaune cikinsu, wataƙila kun haɗu a biki ko suna. Wannan ya buɗe miki ƙofa, kuma yana iya sa wasu su ɓoye abin da suke tsoron ya zaga unguwa.

A sakamako, alƙaluma su fara, a taƙaice. Jigogi su biyo baya, uku zuwa biyar sun isa ga hira 14, kuma sunan jigo ya zama magana mai ɗauke da ma'ana. "Surukai" kan magana ne kawai. "Ana yanke hukunci a wani ɗaki, a kawo mini labari" jigo ne. Sannan sashe na uku, jadawalin haɗaka. Ki yi masa ginshiƙi huɗu: abin da alƙaluma suka nuna, abin da hira ta nuna tare da gajeriyar magana da makin mai maganar, irin dacewar da ke tsakani, da fahimtar da aka fitar. Fetters da Curry da Creswell, a 2013, sun kasa dacewar gida uku: tabbatarwa, faɗaɗawa da saɓani. A ce layi ɗaya ya kasance haka: kashi kaza na mata sun haura 51.5, tara daga cikin 14 sun yi ƙorafin rashin shawara, shida daga cikinsu makinsu ya haura 60, dacewa, saɓani, fahimta, gamsuwa a nan ta fi rataya a kan sauke nauyin gida da mutuntawa fiye da tarayya a shawara. Lambobin nan misali ne, naki za ki sa. Wani jadawalin mai amfani shi ne a jera mata 14 daga mafi ƙarancin maki zuwa mafi yawa, a sa jigogi a sama, a yi alama inda kowace ta taɓo. Ido kaɗai zai nuna ko ƙorafin surukai na masu ƙaramin maki ne ko ya ratsa kowa. Sai dai kada ki mayar da tara cikin 14 ta zama kashi 64 cikin ɗari, domin ba a zaɓe su don su wakilci kowa ba.

Tattaunawa kuma kada ta sake rabuwa biyu. Kowane ƙaramin kai ya zama ɗaya daga cikin fahimtocin da ke ginshiƙi na huɗu, ki kawo hujjar alƙaluma da ta hira a ƙarƙashinsa tare, sannan ki gwada da binciken da ya gabata. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin kundin, shi ne na ƙarshe da za ki rubuta, kalma 250 ko ƙasa, kuma jimlarsa ta ƙarshe ta faɗi abin da haɗawar ta gano.

Maganganun mutane da amanarsu

Nan nake so ki fi taka-tsantsan. Hausawan Makka da Jidda sun san juna, dangi ne da surukai da maƙwabta. Sauya suna bai isa ba. In kika rubuta cewa mai maganar shekararta 34, 'ya'ya biyar, mijinta direba ne, unguwa kaza, to kin faɗi sunanta. Ki ba da shekaru a rukuni, kamar 30 zuwa 39, ki cire sana'ar miji da unguwa da garin asali. Batun iƙama, wato takardar izinin zama, kada ya shiga kundin ta kowace fuska, ko da an faɗa miki a hira. Goge shi daga rubutun tun farko. Lambobin waya su bar fayil ɗin alƙaluma da zarar kin gama haɗa mata 14 da makinsu, a ajiye mabuɗin a wani wuri mai kalmar sirri, muryoyin kuma a goge su a lokacin da kika alkawarta a takardar amincewa. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumba 2023, kuma lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku dole ta bayyana a babin hanyoyi. In wata ta ambaci duka ko cutarwa, ki rubuta matakin da kika ɗauka. Lambar kai rahoton cin zarafi a cikin iyali a nan ita ce 1919, kuma ya kamata ta kasance a takardar bayanin da kike bai wa kowace mai hira.

Wajen fassara magana, kalmomi irin su haƙuri, kara, kunya da rufin asiri ki bar su da Hausa, ki yi musu bayani sau ɗaya. "Sabr" ta Larabci ta kusa da haƙuri, amma "zaman haƙuri" da "zaman 'ya'ya" suna ɗauke da hukunci a kan auren da kalma ɗaya ba za ta ɗauka ba. Asalin kowace magana da kika ɗauko ki sa shi a rataye kusa da fassararsa. Magana biyu ko uku a kowane jigo sun wadatar, kuma ki ƙirga: in rabin maganganun daga bakin mace ɗaya mai iya zance suka fito, sake zaɓe.

Iyakar abin da zan iya cewa

Ban ga fayil ɗinki ba, ban karanta hirarrakin ba, don haka dalili na huɗu da na fi karkata gare shi zato ne har sai kin kore na farko da na biyu. Iyakar 51.5 ma ba a kan Hausawa aka yanke ta ba, ki kawo ta a matsayin abin kwatance. Bincikenki na lokaci ɗaya ne, ba zai ce wannan ne ya haddasa wancan ba, kuma waɗanda mahaɗin WhatsApp ya kai gare su masu waya ne, masu karatu, na kusa da waɗanda kika sani. Babban giɓin shi ne maza sun cike takarda amma ba a ji bakinsu ba, don haka duk fahimtar haɗaka da za ki fitar ta mata ce, kuma taken ya nuna haka. Tsarin babi-babi kuwa, jagoran rubuta risala na jami'arku shi ne gaba da duk abin da na faɗa.

In lokaci da izinin kwamiti sun ba ki dama, ƙara hira huɗu zuwa shida da kika zaɓa da maki, daga rukunin da babu shi a cikin 14 ɗin, kuma in za a samu namiji ya yi hira da maza ko da biyar ne, a yi. In babu dama, abin da za ki kai wa mushrifa a zama na gaba shafi uku ne: tambayar bincike ta uku, jerin mata 14 da makinsu da jigoginsu, da daftarin jadawalin haɗaka ko da layi huɗu ne a cikinsa.